Matashin da muka ɗinka wa Eufrosina Orobio

Ranar Juma'a 27 ga watan Oktoba, da hantsi, Mai abu ya karɓi abinsa. Eufrosina Orobio Sinisterra ta cika a ɗakinta da ke ƙauyen Limonar, a bakin kogin Iguaré, tana da shekara saba'in da tara a duniya. Tana zaune tana ɓare ayabar dafawa zuciyarta ta tsaya, ko wuƙar ba ta saki ba. Saura kwana biyu a yi zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin Kolombiya. Ni Baudilia Cuero, ni ke ba da waƙar makoki a wannan kogi mata na amsawa. Marigayiya ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata komadre, kuma haka zan kira ta a nan, don bakina bai iya wani sunan ba.

Komadre, kin tafi a mugun lokaci, kuma sai na faɗa miki abin da muka yi da gawarki. Ba asirin kowa nake tonawa ba. Waɗanda muke tsoro sun riga sun san komai tun kafin ranar Lahadin ta faɗi. Amma bari in fara da ke, don waɗanda ba su san ki ba kada su ce mahaukata ne mu.

Mu jikokin bayin da aka kawo wankin zinariya ne, kuma mun tashi mun tarar a takardun gwamnati ƙasarmu daji ce marar mai ita. Kina da shekara ashirin da 'yan kai kika je garin Bocas neman katin shaida, wanda sai da shi ake zaɓe. Akawun, wani mutumin tudu mai jan kunne, ya ce, “Ke baƙa, tsaya waje, warin taɓo kike.” Kika fita. Kika dawo da kwandon kaguwar da kika kawo talla, kika zauna a bencinsu, kika kwance bakin kwandon. Kafin a ce haka kaguwa sun bazu ƙarƙashin tebura, akawu na kan kujera yana ihu. Kika ce masa, “Yallaɓai, su ma 'yan kogin ne, sun zo a rubuta su.” Ranar kika samu katinki. Bayan nan kwale-kwale guda-guda kika riƙa ciko mutane kina kai masa, har ya nemi a canza masa wurin aiki.

Ke kika koya wa tsofaffinmu sa hannu. In ruwa ya janye sai ki tara su a kan jiƙaƙƙen yashi, kowa da tsinkensa, ki ce ba za a sake kama musu yatsa a dangwala kamar an kama ɓarawo ba. Uwata na cikinsu. Ta rasu ba ta iya karanta komai ba, amma ta iya rubuta sunanta, kuma a wasu ranaku haka kawai take rubuta shi a jikin bango da gawayi. Da dokar da ta ba baƙar fata mallakar ƙasar kakanninsu ta fito, ke kika bi koguna da tuƙin hannu kina tara taro, har takardar Iguaré ta zo. Ba ki taɓa riƙe muƙami ba. Kin ce masu muƙami na buƙatar wanda zai riƙa zaginsu, kuma wannan aikin ya ishe ki.

Ba zan mayar da ke waliyyiya ba, ba za ki yarda ba. Kina da faɗa, komadre, kai! Muryarki a waƙa kuwa Allah ya sawwaƙe, sau nawa na roƙe ki ki riƙa motsa baki kawai. Amma shekarar da ruwa ya ci mijina, ke kike shigowa kullum da bandar kifi da shinkafa da kwakwa, ki tsaya a kaina kina masifa har sai na ci. Ni kuma na raine miki 'ya'ya lokacin da kike yawon taro. Evaristo da Plinio a gindin murhuna suka girma. Da Evaristo ya tashi a taro ya yi magana a kan injinan haƙar zinariya da ke zuba mana guba a ruwa, aka tsinci gawarsa a bakin rafi. Kika binne shi, mako bai zagayo ba kika koma taro. Plinio bai taɓa yafe miki wannan ba. Ya kama sana'arsa ta kamun kifi, ya ce shi da siyasa har abada, kuma ya kai shekara hamsin bai taɓa jefa ƙuri'a ba.

Bana ne kika ce aikin zai kai inda kike so. Tun da aka kafa majalisar Bocas ba a taɓa samun ɗan kogi a cikinta ba. Masu shaguna da masu injina ke zaɓen wanda zai zauna, su kuma yanke mana hukunci a kan ruwan da muke sha. Malama Marlenis Banguera, wadda kika ja a jiki tun tana koyarwa a makarantar Limonar, ta tsaya takara. Kowa ya san lissafin. In kogi ya yi zaɓe ta shiga, in kogi bai yi ba mutumin masu injina ya shiga. Sai aka ɗauke teburin zaɓe daga Limonar aka mayar cikin gari, wai don tsaro. Bayan nan masu bindiga da ke zaune a kwanar kogi suka aiko da saƙo: daga Juma'a zuwa Litinin kada jirgi ya motsa, wanda kuma aka kama da katin shaida a kan ruwa ya kuka da kansa. Ran Alhamis kina bi gida-gida kina cewa ko da iyo ne sai mun je. Kowa na ce miki to, ba kuwa wanda ya yi niyya. Har da ni, tsoro nake ji.

Sai kika mutu. Ruwa ya daɗe da cinye maƙabartar Limonar, duk mamatanmu a Bocas ake binne su, kuma ba a taɓa kai babba kamarki ba sai kogi gaba ɗaya ya raka shi. Al'adarmu a kwana ɗaya ana yi wa mamaci waƙa, washegari a kai shi. Da safiyar Asabar, mun gama shirya ki, muna shan kofi a tsakar gida, na dubi akwatin na dubi mutanen da suka cika bakin kogi, abin ya faɗo mini. Na ce, “Jama'a, in muka ƙara kwana ɗaya fa?” Kowa ya gane, ba wanda ya so ya zama na farkon cewa ya gane.

Plinio ya miƙe. Ya ce, “Goggo Baudilia, ke ma? Kun cinye ta tana da rai, kun cinye mini ɗan'uwa, yanzu gawar ma ba za ku bari ba? A zafin nan? So kuke uwata ta yi wari a gaban mutane?”

Na ce, “Ɗana, uwarka ce. In ka ce yau, yau ɗin za mu kai ta, ba mai ganin laifinka.”

Ya ce, “Ƙarya ne, kowa zai ga laifina. Kullum haka kuke yi, ku ɗora wa mutum dutse ku ce zaɓinsa ne.”

Gaskiya ya faɗa. Ya fice ya yi bakin ruwa. Mun ɗauka ya tafi kwance jirage. Jim kaɗan sai ga shi da akwatin ƙanƙarar da yake adana kifinsa, ya zubar da kifin a ƙasa, ya shiga jera ƙanƙara a ƙarƙashinki yana share ido da kafaɗa. Bai dubi kowa ba ya ce, “Ba don Malamarku nake yi ba. In na binne ta yau, matar nan kullum sai ta zo ta ja mini ƙafa ina barci. Na san halinta.” Shi ne kuma ya tuƙa shi kaɗai zuwa kwanar kogi neman izini, ya ce musu mai haƙa kabari ba zai samu ba sai Lahadi. Shugabansu ya ce gawa ta wuce, masu kuka su wuce, amma ba injin jirgi, kuma kati ko ɗaya kada ya wuce.

Kin san mu matan da ke wankan gawa mu ke ɗinka wa mamaci matashin kai, da farin ƙyalle, a cusa tsofaffin tufafinsa a ciki. Naki mun kwance shi. Da yammar Asabar mutane suka riƙa shigowa kamar masu gaisuwa, kowa ya durƙusa a gabanki ya bar katinsa a ƙarƙashin mayafin tebur. Akwai waɗanda suka shigo suka fita ba su ajiye ba, ban kuwa riƙe su a rai ba. Na naɗe katunan a leda, na lulluɓe da tsohuwar rigarki mai furanni, na ɗinke. Matashi ya yi tauri kamar katako. Da na ɗaga kanki zan sa shi na ce, komadre, yi haƙuri, ba daɗewa za ki yi a kai ba.

Lahadi da sassafe muka ɗauki hanya. Jirginki a gaba, ni da mata masu amshi a gefenki, Plinio na tuƙi, sauran jirage a baya har inda ido ya tsaya. Ƙanƙara ta riga ta narke. Ruwan teku kuma yana cikowa yana turo mu baya, maza suna tuƙi kamar za su fasa ƙirji. Muna hango kwanar na ɗauko doguwar waƙar nan ta rakiya, wadda in an fara ba a yankewa sai an kai ƙarshe, kada mamaci ya ɓata hanya. Ni na san dalilin da ya sa na zaɓe ta. In bakin mata na waƙa ba mai tambayarsu komai.

Suka tsayar da mu. Sun caje kowane jirgi, sun zazzage jakunkuna, sun sa maza sun juye aljihu, har ƙullin kofi da burodi sun kwance. Ba su sami komai ba. Shugaban nasu, wani siriri mai sanyin murya, ya tako cikin jirginmu ya tsaya a kanki. Ya ƙwanƙwasa akwatin da bakin bindiga ya ce, “A buɗe.” Muryata ta so ta karye, matar da ke kusa da ni ta mintsine ni a cinya na ci gaba. Plinio ya ajiye filafilin tuƙi ya ce, “Ni zan buɗe, uwata ce.” Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin.

Komadre, abin da ɗanki ya ji wa tsoro shi ya faru. Kwana biyu a zafin Iguaré ba wasa ba ne. Ke da ba ki taɓa fita ba ki yi wanka kin shafa man kwakwa ba, kin yi wari a gaban mutane, kuma mu muka ja miki. Wannan zai zauna mini a zuciya har in tarar da ke. Mutumin ya toshe hanci da gwiwar hannu, amma duk da haka ya miƙa ɗaya hannun wajen kanki. Plinio ya ce masa a hankali, “Taɓa ta, yallaɓai. Amma ka sani a kogin nan wanda ya taɓa gawar da ba tasa ba, da ita yake kwana.” Hannun ya tsaya. Ya dube ki, ya dubi ɗanki, ya tofar da yawu cikin ruwa ya ce a rufe. Sai dai ba wawa ba ne. Ya sa mutum biyu suka ajiye manyan bindigogi suka sa rigunan gida, ya ce su bi mu su ga an binne, su kuma ga kowa ya koma jirgi kai tsaye. Ba wanda ya yi shakkar cewa akwai ƙananan a ƙugunsu.

Ba mu isa Bocas ba sai da rana ta karkata, ƙarfe huɗu kuma ake rufe rumfar zaɓe. Mun hau tudun maƙabarta muna ɗauke da ke a kafaɗa, muka wuce makarantar da ake zaɓe, sojoji na tsaye a ƙofa, ba wanda ya waiwaya. A bakin kabari aka buɗe ki buɗewar ƙarshe ta ban kwana. Nan mata suka faɗa kanki da kururuwa, suka yi miki rumfa da jikinsu da mayafansu. Kada wani ya ce kukan ƙarya ne, wallahi na gaske ne, kawai dai ya yi mana aiki biyu. Na zaro matashin na tura cikin zanen wata, ta ja da baya tana kuka. Kanki ya sauka a kan katako, na ji ƙararsa. Plinio ma ya ji. Ya cire rigarsa ta coci, ya ninke, ya ɗaga kanki ya sa miki, ya tsaya daga shi sai singileti.

Saura mutum biyun nan, suna jingine da bango suna ƙirga kawuna da ido. Kuma a wurinmu ba a barin kabari sai an cike shi, abin kunya ne babba. Na rasa yadda za mu yi. Sai na ji muryar Plinio: “Ku biyun can, ku zo ku kama wa uwata igiya.” Kin san wannan. In wanda aka yi wa rasuwa ya kira ka da bakinsa ka kama igiyar saukar da akwati, ba a ƙi, ko kai wane ne, wanda kuma ya kama igiya shi ke kama shebur har a gama. Su ma 'ya'yan wani kogin ne, iyayensu mata sun koya musu. Suka dubi juna, suka zo. Ɗanki ya saukar da ke a hankali, a hankali ƙwarai, yana cewa a dakata ta karkace, a ɗaga, a sake. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Na gane.

Haka muka bar ki, komadre, ko ƙasa ba a fara zubawa ba. Biyu-biyu, uku-uku muka zame ta bayan bango, aka farke matashin da haƙori, kowa ya ɗauki katin da ke da fuskarsa. Tsofaffin da kika koya wa sa hannu su ne a gaba, suna gudu da sanduna. Malama Marlenis na tsaye nesa da ƙofar makaranta, ta ga kogi gaba ɗaya na gangarowa da baƙaƙen kaya, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Sojan ƙofa ya ce, “Iya, daga ina haka?” Na ce, “Daga jana'iza, ɗana, matsa mini.” Na ƙarshenmu ya shiga ana jan ƙofa.

Malama ta shiga majalisa. Ban san ko za ta iya tsayar da injinan nan ba, kujera ɗaya ce a cikin masu yawa, amma yanzu in za a yi magana a kan ruwanmu sai an yi a gabanta. Mun koma gida washegari tare da jirgin sojoji. Sojojin sun juya, mu muna nan, masu bindiga ma suna nan a kwanarsu. Sun ƙwace injinan jirage uku. In kare ya yi haushi yanzu duk Limonar sai ta yi shiru. Saƙonsu kuma ya zo, kuma mutum ɗaya suka ambata: Plinio kada ya sake hawowa kogin nan. Ya bar jirginsa da komarsa ya shiga jirgin kaya zuwa birni. Muna cikin kwanaki tara na addu'arki, ɗakinki cike da mutane, ɗanki ɗaya da ya rage ba ya ciki.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Eufrosina ta zo maka, kanta a kan rigar ɗanta. Ka jiƙan ta, ka yafe mata faɗanta da kurakuranta, ka ba ta hutun da ba ta taɓa ba kanta ba. Ka haɗa ta da Evaristo. Ka yafe mana mu da muka riƙe ta kwana biyu muka kuma bar kabarinta a buɗe. Ka tsare Malama Marlenis, ka tsare duk wanda ya hau jirgi ran nan, har da mutum biyun da suka kama igiya, don na ji an ce su ma sun sha hukunci. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Nicolasa da jikokinta, ga dangin Orobio da na Sinisterra, da duk mutanen Iguaré daga bakin teku har mafari. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Kai kuma Plinio, duk inda wannan ya same ka, Allah ya ba ka haƙuri, ya dawo mana da kai lafiya. Da aka gama rabon katuna a bayan bango, guda ɗaya ya rage a cikin ledar, na juya shi na ga fuskarka. Ba wanda ya ga lokacin da ka ajiye shi. Kana can kana cike kabarin uwarka aka rufe rumfa. Katin yana wurina, ɗana, na adana maka shi, ba kuwa zan ba kowa ya kai maka ba. Kai za ka zo Limonar ka karɓa.